Lamba ta Bakwai a Memorin Malam Mamman

Ranar Talatar da ta wuce wani saurayi ya tsaya a rumfata da ke bakin tashar Kaura Namoda, yana kallona ina zuba wa wani direba karatu a memori. Da na gama sai ya ce, "Baba Garba, ai wanga aiki naku ba aiki ba ne. A soka, a danna, a cire. Ko ƙanwata ta iya." Abokansa suka yi dariya. Ban ba shi amsa ba, don akwai mutane a layi. Amsar ce nake rubutawa yanzu, domin shi da ire-irensa masu son buɗe rumfa da waya ɗaya da benci. Da dannawa ɗaya irin wadda ya raina na kusa raba marayu huɗu da fadamar ubansu. Zan faɗi yadda aka yi, amma bi da bi, don ba na son labari mai tsalle.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a ba gyara ba ne. Ogana Malam Shehu, wanda na yi shekara shida a shagonsa a zamanin kaset, ya aje mini wani rediyo mai kuka, ya ce in gaya masa abin da ke damunsa. Na ɗauki sukudireba zan kwance. Ya karɓe ta daga hannuna ya sa a aljihu, bai maido mini ba sai bayan mako guda. Tsarinsa uku ne: kunne, sannan ido, sannan hannu. A lokacin mutane na kawo tsohon kaset a goge a naɗa musu sabuwar waƙa. Malam Shehu ba ya yarda a goge kaset sai an saurari gefe biyu, saboda wasu kan naɗi muryarsu su aika wa ɗan'uwa da ke Makka, shi ma ya naɗo amsa ya aiko. Yakan ce waƙa tana kasuwa, in ta goge a sayo wata, amma muryar mutum babu ita ko'ina. Ya rasu kafin memori ya zo garin nan. Dokarsa kuwa na ɗauko ta yadda take na ɗora a kan sabon kaya.

Sabon kayan shi ne rediyo mai memori, wanda yara ke kira MP. Ɗan ƙarami ne, yana shiga aljihun riga, ga lasifika, ga tocila, ga rami na soka memori. Manomi ya rataye shi a reshe yana huɗa, mai shayi ya ɗora a kan tebur, mata su aje kusa da turmi. Ranar Alhamis nakan kai su kasuwar Shinkafi, ranar kasuwar Zurmi ma ina can. Yaro yana ganin duk iri ɗaya ne, sai kala ta bambanta. Ba haka ba ne.

Wani tsoho daga Badarawa ya taɓa maido mini rediyo bayan kwana biyu da saye, yana faɗa. Ƙara lafiya, batir lafiya. Laifinsa ɗaya: in an kashe shi, ba ya tuna inda ya tsaya. Tsohon yana jin tafsiri mai awa guda, in ya tashi yin alwala ya dawo, sai malamin ya koma farko. Ya ce, "Kwana biyu ina jin gaisuwar malam, ban kai ga aya ba." Tun daga ranar, kafin in sari kowane iri, sai na kunna, na kashe a tsakiya, na sake kunnawa. Bayan wannan ina duba bakin caji, don shi ke fara mutuwa. In na soka waya na ga yana rawa, ba na saye. Ina buɗe bayan in ga batir, ko irin na waya ne mai faɗi wanda ke kumbura in ya sha rana, ko dogon nan mai jimiri. Ina kwance guda ɗaya daga kowane kwali, saboda akwai masu manna guntun ƙarfe a ciki don ya yi nauyi a hannu, mai saye ya ɗauka ƙarko ne. Sai na ƙarshe, maɓallin naɗar murya. Ku riƙe wannan, zai dawo. A wasu rediyoyin, dannawa ɗaya ke fara naɗi, amma ba ta tsayar da shi. Sai ka danne ka riƙe har jar wutar ta mutu. Mutanen ƙauye da yawa ba su san haka ba. Su danna, su aje, su ɗauka an gama.

Duk wannan ba shi ne wuyar sana'ar ba. Wuyar tana cikin memori, ɗan abin nan da bai kai farcen yatsa ba. Akwai na gaske, akwai jabu, kuma ido ba ya raba su. Jabu an rubuta masa giga talatin da biyu, waya ma in ka soka ta ce talatin da biyu, amma cikinsa bai wuce biyu ba. Na gaske in ya cika sai ya ƙi karɓa, ya ce maka ya cika. Jabu ba ya ƙi. Kamar rumbu ne wanda in ka tura sabon dami ta sama, na ƙasa ya fice ta baya ba ka gani ba. Sunayen duk suna nan a jere, lamba ɗaya, lamba biyu, amma in ka kunna tsoffin babu komai. Gwajinsa ɗaya ne: ka cika shi taf a kwamfuta, sannan ka kunna na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Wannan kan ci rabin yini da janareta a kunne. Shekara da shekaru ban taɓa sayar da kwali ba tare da na gwada ba, sai sau ɗaya.

Shekarar da aka yanke sabis ɗin waya a Zamfara saboda mutanen daji, ita ce mummunar shekara. Aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka. Wutar lantarki kuwa dama mun manta da ita. Kwamfutata batirinta ya daɗe da mutuwa, sai da janareta take tashi, janareta kuma babu abin zuba masa. Na kwashe abin da zan iya na karatu da wa'azi da waƙoƙin noma na zuba a wayata, ina cajinta da ɗan faifan sola a kan rufin rumfa. Ciniki kuwa bai taɓa yawa irin na lokacin ba, don waya ta zama dutse a aljihu, kowa ya koma rediyo. Ga kuma tsoro ta wani gefen: in ka sayar wa baƙo batir biyar, gobe a ce kai ne mai kai wa daji kaya. Mutumin da ke kawo mini memori daga Kano ya daina zuwa. Kayana suka ƙare. Wata rana wani fatake da ban sani ba ya sauka a tasha da kwali guda. Na duba rubutun, na soka ɗaya a waya, ta ce talatin da biyu. Na san ƙa'ida, na san waya ba shaida ba ce. Na saya, na fara sayarwa ban gwada ba.

Cikin waɗanda suka saya akwai wani manomi dogo mai tari, daga wani ƙauye bayan Moriki. Ya ce sunansa Mamman. Ya ɗauki rediyo baƙi mai maɓallin naɗi, na zuba masa karatu guda huɗu da waƙar noma biyu. Shida ke nan. Ya tambaye ni jan maɓallin na mene ne, na nuna masa yadda ake farawa. Layi ya yi tsawo, ban nuna masa yadda ake tsayarwa ba. Ganina da shi ke nan, na farko kuma na ƙarshe.

Da bazara, sabis ya dawo amma mai bai dawo ba, wata mata ta zo rumfar da rediyo ƙunshe a gefen mayafi. Za ta yi shekara arba'in da wani abu. Ta tsaya gefe har maza suka ragu.

"Malam, ina wuni. Wanga rediyo na maigidana ne, Allah shi jiƙan shi. Ya bar shan caji."

"Allah shi gafarta mai. Mi sunanki?"

"Kulu."

Na juya shi na ga alamata a bayan batir, don ina sa ɗigon jan fenti a duk abin da na sayar. Bakin cajin ya ɓalle daga ciki. Na ce mata aikin dalma ne, ba wuya. Ta ce in an gyara tana son a ƙara mata karatu, izu sittin in zai shiga, don tun da suka baro ƙauye suka zauna wajen 'yan'uwa a Kaura ba ta da abin da ke ɗebe mata kewa. Na ce mata ƙa'idata, sai na saurari abin da ke ciki kafin in taɓa. Ta ce ta yarda.

Na cire memorin na sa a rediyon gwaji, na maƙala abin ji a kunne ɗaya, na ɗora ƙarfen dalma a kan garwashi. Ɗaya zuwa shida na san su, ni na zuba. Sai lamba ta bakwai. Muryar namiji ce, kusa da rediyon, tana numfashi da ƙyar.

"Akwai muryar mutum a nan," na ce.

"Shi ne," in ji ta. "Kada ka taɓa ta, don Allah. Fadamar ɗiyana tana cikin wagga murya."

Ta yi mini bayani a taƙaice. Mamman da ƙanensa Sa'idu sun gaji gona biyu, fadama da tudu. Tun da daɗewa suka yi musaya da baki: Mamman ya riƙe fadamar, Sa'idu ya ɗauki tudun da bijimi a kai. Da ciwo ya tsananta, Mamman ya kira limamin ƙauyen da Sa'idu, ya maimaita maganar a gabansu, ya naɗa a rediyo. Bayan rasuwarsa aka kai wa ƙauyen hari, liman ya tsallaka Nijar da iyalinsa, babu wanda ya san garin da ya sauka. Yanzu Sa'idu ya ce fadamar aro ce ya ba yayansa, zai shuka shinkafarsa da ruwan farko. Mai garinsu, wanda shi ma ya yi gudun hijira yake zaune a Moriki, ya sa ranar Litinin mai zuwa a zo da muryar a ji.

Dokar Malam Shehu ita ce muryar gida ana jin ta har ƙarshe, don ka san tsawonta, ka san lafiyarta, kada gobe a ce kai ka ɓata. Maganar fadamar ba ta wuce minti biyar ba. Na ji an yi addu'a, na ji takalma suna fita. Amma lambar da ke fuskar rediyon ba ta tsaya ba, tana ta tafiya. Mamman ya danna sau ɗaya ya aje, naɗi bai mutu ba. Na ci gaba da aikin dalma, abin yana kunnena, har minti arba'in da ɗaya. Na tambayi Kulu ko ta taɓa jin ta har ƙarshe. Ta ce da an shafa addu'a take kashewa, ai an gama.

Mataki na biyu bayan saurare shi ne kwafi. Ka aje muryar a wani wuri kafin ka ƙara ko da harafi ɗaya. Kwamfuta a mace take. Wayata a cike take da kayan ciniki, sai na goge wani abu kafin muryar ta samu wuri, kuma abin da na goge ba ni da inda zan sake samo shi. Mutum biyar na jira a benci. Na dubi memorin, na ga daga hannuna ya fito, na amince da shi.

"Malam, ƙarin ba shi taɓa ta?" ta tambaya.

"Ƙari ba ya taɓa na ciki," na ce mata. "Wuri na nan da yawa."

A memorin gaske maganata daidai ce. Na soka shi a waya, na zaɓi izu sittin, na danna.

Da ya gama na maida shi rediyonta don ta ji gyara ya yi. Na danna ɗaya, sai guntun wata sura ta tsakiya ta fito maimakon wadda na sani. Na danna shida, ya yi ƙara kaɗan. Na danna gaba. Rediyon ya yi shiru kamar mai tunani, lamba bakwai ta haska, ta ɓace, takwas ta kama. Na koma baya. Shida, takwas. Na danna bakwai da hannu. Takwas.

"Mi ya faru?" in ji Kulu.

Na ce wa mutanen benci su dawo gobe, na sauke labulen rumfa rabi. Na gaya mata gaskiya a jere: memorin jabu ne, ni na sayar wa mijinta ban gwada ba, ni na ƙi yin kwafi, karatun da na zuba ya hau kan muryar. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta ce, "Litinin fa?" Sau biyu ta faɗa.

Kwana uku na yi a kan memorin nan. Na samu lita ɗaya ta mai wajen wani mai injin niƙa, ya tsiyayo mini daga tankinsa a kwalbar lemo. Na tayar da kwamfuta, na sa manhajar da ke tono abin da aka goge. Abin da aka goge yana tonuwa, don yana nan kwance, sunansa kawai aka cire. Abin da aka rubuta wani a kansa ba ya tonuwa. Na san haka tun kafin in kunna janareta, amma na gwada har man ya ƙare. Na shiga mota zuwa Gusau wajen wani da ya fi ni kayan aiki. Ya duba ya miƙo mini, ya ce, "Baba, kai ma ka sani." Ranar Lahadi na je gidan da Kulu ta sauka, aka yi mini sallama da ita, na ce mata muryar ba za ta dawo ba, amma ni na ji ta, kuma zan je Moriki in faɗi abin da na ji.

"Wa za ya yarda da kai?" ta ce.

"Ban sani ba. Amma zan je."

Hanyar Moriki a lokacin ba a binta sai rana ta ɗaga, motoci sun taru sun tafi a ayari. Ban ɗauki jakar aiki ba, don kada a shingen bincike a ga batura a fara tambaya. Rediyon Mamman kawai na sa a aljihu. Direba ya kashe nasa rediyon, ya sauke gilashi yana sauraren daji. Wajen wata kwana muka ga babura uku tsaye a gindin itace nesa da titi, wata tsohuwa ta fara salati a hankali, direba ya taka mota. Ko su wane ne, ban sani ba har yau. Mun isa kafin azahar.

A zauren gidan da mai gari ya sauka aka zauna. Dattawa kamar takwas a kan tabarma, Kulu daga bakin ƙofar ciki, Sa'idu a gefe, kakkaura mai ƙaramin gemu, da ƙasar gona a ƙafarsa. Mai gari ya ce a kunna murya. Na tashi na ce babu murya, na faɗi dalili kamar yadda na faɗa wa Kulu, ban rage komai ba. Na kunna rediyon a gabansu: shida, takwas.

Sa'idu ya yi dariya. "Ranka shi daɗe, wata biyu ana ce muna akwai murya, akwai murya. Yau ga shi an kawo muna mai tura waƙa. Ko shi za ya rera muna?"

Wasu suka murmusa. Mai gari ya dube ni.

"Kai ka san Mamman?"

"Sau ɗaya na gan shi, ranka shi daɗe."

"Ka san fadamar?"

"Ban taɓa taka ta ba."

"To shaidar mi ka zo badawa?"

"Abin da kunnena ya ji, bi da bi."

Ya ce in faɗa. Na ce da farko an ji ƙarar dannawa, marar lafiya ya ce, "Ya kama?" wani dattijo ya ce, "Jar wuta ta kama." Sai ya yi salati, ya ambaci liman, ya ambaci Sa'idu. Ya ce fadamar daga giginya biyu zuwa tsohuwar rijiya tasa ce, ya ba da tudu da bijimi mai karyayyen ƙaho a madadinta, shekarar da aka yi fari. Nan sai aka ji kwano ya faɗi. Ya ce, "Sa'idu, kori akuyar nan taka, ta shanye mani jiƙo." Wani ya yi dariya ya ce, "Yaya, bar ta, ko ita ta samu lafiya." Sannan marar lafiya ya ce, "Ka ji abin da na ce a kan fadama?" Aka amsa, "Na ji, Yaya. Haka ne." Liman ya yi addu'a.

Wani dattijo ya ce bijimin nan ya tuna shi. Sa'idu ya ɗaga hannu.

"Duk wanga Kulu ta san shi. Ita ta karanta mai a hanya. Ya ɓata mata kaya, kunya ta kama shi, ya zo biyan ta da baki. Ranka shi daɗe, in an yarda da wanga, gobe kowa ya ɗauko mai gyaran rediyo ya zo ya karɓi gonar wani."

Maganarsa tana da ƙarfi, kuma na ga ta shiga. Mai gari ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Dattijon da ke kusa da shi ya fara cewa tunda babu liman babu murya, sai dai a bar kowa da Allah, wanda ke riƙe da gona ya shuka. Wanda ke riƙe da ita a lokacin Sa'idu ne, ya riga ya yi sharar ta.

Na ce, "Akwai saura."

Suka juyo.

"Irin wanga rediyo ba ya tsayawa da dannawa ɗaya. Malam Mamman ya ɗauka ya kashe, bai kashe ba. Bayan liman ya fita ya ci gaba da naɗi fiye da rabin awa. Kulu ba ta taɓa jin wurin ba, kuma ban gaya mata ba. Mutum ɗaya ya rage a ɗakin tare da marar lafiya." Na dubi Sa'idu. "Malam Sa'idu, ka roƙi yayanka gafara a kan wani abu, ya ce ya yafe. Ba na faɗin shi a nan. Ko ka yarda da fadama ko ka ƙi, babu mai jin shi daga bakina har in mutu. Amma in kana son ka san ko na ji muryar ko karanta mani aka yi, taso in gaya maka a kunne."

Ana jin wani yana daka a maƙwabta. Sa'idu bai motsa ba, har mai gari ya ce, "Sa'idu, tashi mana. In ƙarya ce ai ka huta." Ya tashi. Muka fita bayan zaure, gindin wata bishiyar dogonyaro. Na faɗa masa abin a kalma kaɗan. Sannan na faɗa masa abin da ya biyo baya, wanda shi ba sirri ba ne: yayansa ya ce, "Ɗiyana fa?" shi kuma ya ce, "Ɗiyanka ɗiyana ne, Yaya. Da hannuna zan shuka masu fadamar."

Sa'idu ya dube ni. Ya ce, "Har tarin nan nasa ka ji?"

"Na ji. Kai ka ɗaga shi ka ba shi ruwa."

Ya koma zaure ni ina bayansa. Bai zauna ba. Ya ce, "Ranka shi daɗe, fadama ta ɗiyan Yaya ce. Sharar da na yi, na yi masu." Mai gari ya sa aka rubuta a takarda, dattawa huɗu suka dangwala hannu, aka shafa fatiha. Ba wanda ya tambaye ni abin da na faɗa a gindin bishiya. Ku ma kada ku tambaya. Abin da ka ji a memorin mutane ba naka ba ne, wannan ma cikin sana'ar yake.

A tashar Moriki, muna jiran motoci su taru, na miƙa wa Kulu rediyon da sabon memori na gaske wanda na sayo a Gusau aka gwada mini shi a can, izu sittin a ciki. Na tambaye ta ko tana son tsohon. Ta karɓa ta juya shi a tafin hannu, ta maido mini.

"Riƙe shi, Malam. Babu kowa a ciki."

Ta samu fadama. Muryar mijinta kuwa, wadda take kunnawa in ta idar da sallar asuba, ni na shafe ta, kuma babu takardar mai gari da za ta maido ta. Ƙaramar 'yarta ba za ta san yadda ubanta ke magana ba.

Da na dawo Kaura na ɗauki filaya na karya sauran memorin kwalin nan ɗaya bayan ɗaya. Da aka buɗe kasuwanni na yi Alhamis huɗu a Shinkafi ina cigiyar duk wanda ya sayi memori a hannuna a shekarar, ya kawo in canza masa. Wasu sun kawo. Wasu har yau suna can cikin ƙauyuka, da muryar wani a ciki, suna jiran ranar da wani yaro mai waya da benci zai ce musu ƙari ba ya taɓa na ciki.

Tsohon memorin yana cikin gwangwanin da nake aje ƙananan sukurori. Duk wanda ya zo koyon aiki wajena, ba na ba shi waya ranar farko. Ina sa memorin a rediyon gwaji, in ce ya zauna ya saurara, in danna shida, in danna gaba. Sai in tambaye shi abin da ya ji. Mafi yawansu cewa suke karatu ne, lafiya lau yake. Waɗannan ina ce musu su gaida gida. Wanda ya ɗago kai ya ce, "Baba, ina bakwai?" shi nake matsa wa a benci.